Wanda Na Riƙe Wa Tukunya

Shekara tara ke nan ina hura wuta a wani kamfanin casar shinkafa da ke bakin titi, tsakanin Bodinga da Shagari. In na faɗi haka a wurin da ba a san ni ba sai a yi dariya, wai ƙato da gemunsa ya rasa sana'a sai ta matan gida. To wutar ba ta murhu ba ce. Wata shirgegiyar tukunyar ƙarfe ce a bayan kamfanin, ta fi ɗakin soro tsayi. Ana cika ta da ruwa, ni kuma in yi ta zuba mata buntun shinkafa ta ƙasa da shebur, tana lashewa. Tururinta shi ke bin bututu ya turara shanshera, wato shinkafar da ke cikin ƙaiƙayinta, ya busar da ita, sannan ta wuce injin casa. Ranar da tukunya ta huce kowa ya huta dole, tun daga mai ɗinkin buhu har manajan da ke shan sanyi a ofis.

Da can mu biyu ne a kanta. Ni ke kama ta tun sassafe zuwa ƙarfe biyu, sai Kawu ya karɓe ni ya kai ta dare tare da sauran 'yan aikin yamma. Kawu ba ɗan'uwan mahaifiyata ba ne na jini. Unguwarsu ɗaya a Lambara, makarantar allonsu ɗaya, shi ke nan ya zama kawuna, kuma ya riƙe kawuntakar fiye da waɗanda aka haifa a cikinta. Shi ya tsince ni ina zaman kashe wando a tashar Bodinga bayan na gama sakandare, ya ja ni har gaban heluma, wato shugaban leburori, ya ce a ɗauke ni, shi ya tsaya mini. Shi ya koya mini aikin, ba kuma da lallashi ba. In na tsaya ina kallon agogon da ke nuna ƙarfin tururi, sai in ji hula a ƙeya.

"Ɗan Bodinga, agogo ƙarya shika yi. Saurara mata da kunne, ita ka hwaɗa maka abin da taka so."

Sunana ke nan a bakinsa, ɗan Bodinga, kamar wani laifi ne ya kama ni da shi.

A shekarata ta huɗu kasuwa ta ɓaci. Shanshera ta yi tsada, wadda muka casa kuma ta yi ta zama a sito babu mai tayawa. Wata safiya ana tsakiyar damina muka tarar an liƙa takarda a ƙofar shiga: duk 'yan aikin yamma su koma gida har a neme su. Ba kora ba ce, in ji takardar, hutu ne, sai dai babu albashi a cikinsa. Mutum talatin da ɗoriya, kowannensu da katin ƙungiyarmu ta ma'aikata a aljihu, har da Kawu. Ƙungiya ba ta ja ba, don mu ma muna gani da idonmu babu abin casawa. Muka raka su bakin titi muna ba su baki, muna cewa kaka ta kusa.

Kaka kuwa ta zo. Motoci suka fara shigowa da shanshera daga fadamu har suna yin layi a waje. Muka zuba ido mu ga an aika a kira mutane. Sai manaja ya kira ciyaman ɗin ƙungiya ya ce masa masu kamfani ba su gama yarda da kasuwa ba tukuna, ba za su dawo da mutum talatin yau su sake sallamarsu gobe ba. Abu biyu ne, mu zaɓa: ko mu na safe mu ƙara awa bayan ƙarfe biyu a biya mu, ko ya kawo leburorin wucin gadi daga birni su yi aikin yamma.

Aka kira taro ranar Lahadi bayan la'asar, a filin simintin da ake shanya. Waɗanda aka tura gida ma sun zo, wasu a kan keke daga Mandera, wasu a ƙafa. Suka zauna gefe guda sanye da rigunansu na Juma'a, suna ta gyara zama kamar baƙi, a wurin da suka shekara suna zubar da gumi.

Sakataren ƙungiya ne ya fara magana. Matashi ne ɗan Sifawa, mai gyaran lantarki, kuma ba mu cika son sa ba, don komai aka ce sai ya ce bari ya duba takarda.

"Ni dai abin da nig gani," in ji shi, "kar kowa shi ƙara ko minti guda. Ƙarhe biyu in ta yi mu wanke hannu mu tahi gida. In motoci sunka yi layi har Shagari, da kansu za su aika a kira 'yan'uwanmu."

Aka ɗan yi guna-guni. Sai ciyaman ya yi gyaran murya. Dattijo ne mutumin Mandera, mai kula da sikeli, wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, shi ya sa in ya buɗe baki ake shiru.

"Kai takarda kak karanta, mu ko mun daɗe. In munka bar injinan ga ba mai taɓa su da marece, baƙi za a kawo, ka jiya da kunnenka. Baƙo in yaz zauna wuri yas saba, wa ka tashe shi? Kowa nan ya san abin da aka yi in mutum zai bar gonatai. Riƙe mai aka yi."

Babu wanda bai gane inda ya dosa ba. A ƙauyukanmu in mutum zai yi doguwar tafiya, ko ciwo ya kwantar da shi, ba ya barin gonarsa ba noma. Gonar da aka bari shekara ɗaya sai ka ga iyakar maƙwabci ta matso. Shekara biyu shanu sun yi hanya ta tsakiyarta. Ta uku mai gari ya ara wa wani, daga aro kuma sai dai labari. Shi ya sa ake damƙa ta a hannun ɗan'uwa ya riƙe. Shi zai noma, shi zai ci, amma da kaka sai ya ɗauki dami ya kai gidan mai ita, don a san gonar nan da mai ita, kuma ran da ya dawo za a miƙa masa abinsa. Haka muka tarar ana yi, kuma ban taɓa jin wanda ya rasa gona ta wannan hanya ba. A duk filin nan, in ban da mutum ɗaya, babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko inji gona ne.

"Kowanenmu shi ɗauki mutum guda shi riƙe mai wurinai," in ji ciyaman. "Ƙarshen wata a kai mai dami, ko mi yas samu. Ran da anka kira su, su iske wurinsu da ɗumi."

Sakatare ya miƙe zumbur. "Baba, gona ba ta ƙidaya mutane. Kamfani shina ƙidayawa."

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne, ba mu masu aiki ne muka zaunar da shi ba. Waɗanda aka tura gidan ne suka taso masa. Tsoron baƙi ya cika musu ciki. Wani mai ɗinkin buhu ya ce da shi yana da albashi shi ya sa yake wasa da wurin wasu. Wani ya ce yaran boko ba su san amana ba. Sakatare ya koma ya zauna yana huci, ya rubuta abin da aka yanke.

Daga nan kowa ya tashi ya nemi wanda zai riƙe masa. Kawu bai yi wani dube-dube ba. Ya zo ya kama hannuna da nasa mai kaushin nan, ya matse.

"Ɗan Bodinga, ga tukunya nan. Ba ni ba kowa ita sai kai. Ka riƙe min har in komo."

Na ce in sha Allahu. Wallahi a ranar da zuciya ɗaya na faɗa, har sai da na ji ƙwalla. Limamin masallacin kamfani ya ɗaga hannu aka shafa fatiha, kuma a wajenmu maganar da aka shafa wa fatiha ta rufu ke nan.

Washegari aka kaɗa ƙararrawar ƙarfe biyu, ba wanda ya nufi ƙofa. Da farko zuwa ƙarfe biyar muke kaiwa, daga baya magariba, daga baya har mukan taɓa isha'i. Wahala kam mun sha ta. Idona ya yi jajir da hayaƙi, tari ya kama ni, matata ta gaji da tashina in na yi barci da loma a hannu. Amma muna yi muna jin kanmu, mu ga masu riƙon amana. In wani ya ce ya gaji sai a ce masa ya tuna da wanda ke zaune a gida yana jiran wurinsa, sai ya ƙara ɗamara.

Juma'a kaɗai ake tashinmu da wuri. Bayan masallaci nakan nufi Lambara in gaida Kawu, ƙarshen wata kuma in tafi masa da dami: 'yar shinkafa, sabulu, da abin da ya sawwaƙa a ninke cikin takarda. Ba ya ko kallon kayan, matarsa ke shiga da su. Shi tambayarsa tukunya. Tana kuka? Na wanke mata ciki? Buntun bana da danshi ko busasshe? Rannan na yi masa ƙorafin cewa lokacin kwashe toka yana cinye mini rana, don da can in zan miƙa masa aiki sai an rage wuta, a kwashe toka, sannan shi ya sake tada tururi yadda yake so.

"Wawa," ya ce, yana dariya. "Wancan don mu biyu muke na. Kai ɗaya mi zai sa ka rage wuta? Ka riƙa jan tokar kaɗan-kaɗan ta ƙohwar gehe, wuta na ci kana ja."

Na gwada, abin ya yi kyau fiye da yadda ya faɗa. Tururi ya daina sauka tun safe har a tashi. Masu turarawa suka daina jira, masu casa suka daina jira, kowa ya samo tasa dabarar, don duk mai son ya je gida kafin isha'i sai ya yi sauri. Kafin wata uku abin da muke casawa mu kaɗai ya kama na da, lokacin da ake aiki safe da yamma. Kuma mu, da yake Allah ya yi mu da wauta, har fahari muke yi da haka. Manaja ya fara zagayowa bayan kamfani, wurin da a da ba ya takawa saboda toka. Sai ya tsaya ya goya hannu a baya, ya daɗe yana kallon agogon tururi, ya ce mini sannu da aiki. Ba zan ɓoye ba, daɗi nake ji. Nakan bi shi da ranka ya daɗe har ya sha kwana.

Wani abin kuma da ba zan ɓoye ba, kuɗin ƙarin awa sun shiga jikina. Na rufe ɗakin matata da kwano. Na sayi babur na hannu, na daina tsayuwa a bakin titi ina jiran mota. Gidana aka fara jin ƙanshin nama ba sai ranar kasuwa ba. Damin da nake kai wa Kawu bai ragu ba, amma bai kuma ƙaru ba, ko da awannin suka ƙaru. Ni kuma har na fi wasu, don akwai waɗanda tun wata na biyu suka fara cewa ba su samu sukunin zuwa ba.

Da lokacin dashen albasa ya yi, ƙanin Kawu ya yanka masa wuri a fadamarsa, ya ce ga iri, ga injin ban-ruwa, ya zo su yi tare. Albasa ba ta son rabin hankali. In ka kama ta, kullum kana kanta har a cire. Kawu ya jira ni ranar Juma'a ya tambaye ni.

"Kai ka ciki, kai ka ganin yadda abubuwa ka tahiya. In kama, ko in jira? Ba ni son in dasa yau, jibi a aiko kirana, in bar ƙanena da wahala."

Na ce masa an kusa kiransu. Ciyaman ya faɗa, manaja ma ya ce ana duba maganar. Duk gaskiya ne an faɗi hakan. Amma ni da ke ganin sito na cika ba tare da su ba, na san abin da ya kamata in ce masa shi ne ya kama albasarsa da hannu biyu. Ban faɗa ba, don in na faɗa sai ya tambaye ni dalili, dalilin kuma ni ne. Ya ce wa ƙaninsa ya gode. Aka ba wani wurin.

Bayan wannan da 'yan makonni sakatare ya same ni a bayan kamfani, ana saura kaɗan ƙarfe biyu. Ya ce ya shiga ofis gyaran fanka, ya ji manaja a waya yana gaya wa masu kamfani cewa aikin yamma ba shi da sauran amfani, mutanen da ke nan sun isa. Ya kai wa ciyaman maganar, ciyaman ya ce an riga an shafa fatiha, shi ba zai tara dattawa ya ce su warware abin da suka ƙulla ba a kan jita-jita.

"Ba sai kowa ya yarda ba," sakatare ya ce da ni. "Kai ɗaya ka isa. Duk kamfanin ga mutum biyu ka iya tukunyar ga, kai da kawunka. Leburan birni ba su iya ta. In kat tahi gida ƙarhe biyu, kwana ukku ba su yi sai sun aika Lambara. In sunka kira shi, sauran ma sai an kira."

Na san gaskiya ya faɗa. Tun kafin ya rufe baki na sani. Na ce masa amana aka ba ni, a gaban jama'a, kuma mai amanar cewa ya yi in riƙe, bai ce in saki ba.

"To mu tahi mu tambaye shi."

Na ce ba na son a tayar wa dattijo da hankali.

Ya dube ni, irin kallon da ake yi wa tuwon da ya kwana ya lalace. Ya ce zai tsaya a bakin ƙofa. Aka kaɗa ƙararrawa. Daga inda nake ina hango shi, ya rataya jakarsa ta kayan aiki, yana jira. Shebur na hannuna. Abin da ya zo mini a rai ba Kawu ba ne. Matata ce da ke da ciki wata bakwai, da babur ɗin da ke jingine a inuwa, da takardar nan da aka liƙa a ƙofa da damina, wadda ba ta da wuyar sake rubutawa da sunana a ciki. Tsoro ne da kwaɗayi, ba wani abu ba, na naɗe su cikin kalmar amana don su yi kyan gani. Na cika shebur da buntu na watsa a wuta. Na sake cikawa. Da na ɗaga kai ya tafi, shi kaɗai ya fita a ranar.

Ba a yi wata biyu ba manaja ya kira shugabannin ƙungiya ofis. Har lemo aka raba musu. Ya ce masu kamfani sun yaba ƙwarai, ba su taɓa ganin ma'aikata masu kishi irinmu ba. Daga yanzu aiki zai zama zubi ɗaya, daga safe zuwa magariba. Kuɗin ƙarin awa an soke, an ɗan ɗora wani abu a kan albashi a madadinsu, abin da bai kai rabi ba. 'Yan aikin yamma kuwa kamfani na gode musu, ga takardunsu na sallama. Ya miƙa wa ciyaman su a ɗaure da roba.

Ciyaman ya fito ya tsufa a cikin awa guda. Ban ji tausayinsa ba a ranar, yanzu ma kaɗan nake ji. Ya tara mu a filin shanya ya faɗi abin da aka ce. Sakatare ya ajiye littafin ƙungiya a kan siminti ya ce a nemi wani. Ba wanda ya ce masa ya yi gaskiya, don wanda ya yi gaskiya a irin wannan rana haushinsa ake ji. Sai aka zo kan yadda za a raba takardu. Wani ya ce a bar su wurin mai gadi kowa ya zo ya ɗauka. Ciyaman ya girgiza kai.

"Ba a yi ma mutum haka. Kowa shi kai ma wanda yar riƙe ma. Shi na mutunci."

Haka aka kira sunan Kawu, ni na miƙa hannu.

Kwana uku takardar na aljihuna. Ranar Juma'a na sayi shinkafa da sabulu fiye da yadda na saba, na ɗaure a bayan babur na kama hanyar Lambara. Ana cirar albasa a lokacin. Tun daga bakin gari buhuna ne jere ana lodi, warinta ya cika ko'ina, na hango ƙanin Kawu a kan mota yana ba da umarni. Na sunkuyar da kai na wuce.

Kawu na zaune a rumfar ƙofar gidansa yana tufkar igiya. Muka gaisa. Hannuna ya ƙi fito da takardar sai da ya ga bakin ambulan ɗin yana leƙowa daga aljihu, da tambarin kamfani a jiki. Fuskarsa ta washe. Ya ajiye igiyar, ya juya ya ƙwala wa matarsa kira ta cikin zaure.

"Dama ma ɗan Bodinga hura, ki sa nono da yawa! Ya zo da takarda!"

Ya karɓa ya jujjuya ta, ya miƙo mini. Kawu na karanta ajami kamar ruwa, amma boko bai san ko ɗigo ba.

"Karanta min. Wace rana sunka ce?"

Na buɗe. Turanci ne, layi biyar ko shida. Na yi tunanin in ce ban gane ba, in ce sai an kai wa malamin makaranta. Na karanta, na fassara masa kalma bayan kalma, har wurin da suka ce suna yi masa fatan alheri. Bai katse ni ba. Da na gama ya karɓi takardar ya ninke ta yadda take, ya sa ƙarƙashin tabarma.

"Duka anka sallama?"

"Duka, Kawu."

"Wa za a kawo ga tukunya?"

"Ba kowa."

"Kai ɗaya?"

"Ni ɗaya."

Ya juya yana kallon titi. Na fara ba shi haƙuri, ina cewa kamfani ba su da tsoron Allah, ciyaman ya yi kuskure, da mun sani. Ya ɗaga mini hannu.

"Tun yaushe kas sani?"

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce tun kafin dashen albasa na fara zargi. Ban gaya masa zancen sakatare da ƙarfe biyu ba. Har yau ban san ko wani ya gaya masa ba.

Ya gyaɗa kai. Ya dubi kayan da ke bayan babur ya ce kar in kwance su. Sannan ya miƙe, ya taka zuwa rumfar maƙwabta, ya dawo da dattawa biyu. Ɗaya ladanin unguwar ne, ɗayan wani tsoho tukuf mai dogara sanda, da kyar aka zaunar da shi. Ban gane me ake shirin yi ba sai da Kawu ya zauna ya fuskance su, ya gyara hula.

"Na kira ku ku yi shaida. Yaron ga na ba shi riƙon wurina ga kamfani, gaban jama'a. Yanzu an ce ba ni komawa. Abin riƙo in mai shi bai sake shi da bakinai ba, wanda ka cin shi bai san mi shika ci ba. Shina da iyali, matatai ta kusa haihuwa. Ba ni son ɗiyanai su tashi da abin da ba a san matsayinai ba."

Na ce, "Kawu, don Allah."

Bai ko dube ni ba.

"Ku shaida na bar mai. Ba aro ba, ba riƙo ba. Nashi na, duniya da lahira ba ni bin shi komi."

Ladan ya ce sun shaida. A daidai nan matar Kawu ta turo ƙwaryar fura daga bakin zaure, ta cika ta har baki, tana yi mini sannu da zuwa cikin murna, ta koma ciki. Ba wanda ya taɓa ƙwaryar.

Na sha juya abin nan a raina. Wani lokaci in ce tsoron Allah ne tsantsa irin na mutanen da, yana son ya wanke ni. Wani lokaci in ce a'a, ya san abin da yake yi sarai, so yake in faɗa da bakina a gaban mutane cewa ni ne na ci wurin. Mai yiwuwa duka biyun ne. Ko ma wanne ne, ya juyo ya kalle ni ido cikin ido, karo na farko tun da na gama karatun takardar.

"Kyauta ba ta cika sai an amsa. Ka ce ka amsa."

Na so in ce ban amsa ba, in ce gobe ba zan je ba, in ce su zo su hura abinsu. Amma ni da shi duk mun san gobe da sassafe ina gaban tukunya da shebur. Na sunkuyar da kai na ce na amsa.

Tsohon nan mai sanda ya kara tafin hannu a kunne, ya matso da kai.

"Mi yac ce? Ɗaga murya, ɗan nan. Ba ni shaidar abin da ban jiya ba."

Na ɗaga murya na sake faɗa.